Wanzamin Kofi

Duk shekara in gasa ta ƙare
sukan kawo mini kofin rumfata, bayan Kejetia,
naɗe da tawul kamar jinjirin da za a raɗa wa suna.
Ni ne wanzaminsa.
Da ƙusa da 'yar guduma nake masa tsaga.

Zo ka duba gindinsa, yaro, kada ka taɓa da hannun mai.
Nan sama, Shahunan Tamale, sau uku a jere,
zamanin da ake buga wasa a kan siminti
gwiwa ta bar fatarta kowa ya tafi gida.
Ƙasa da su Kadojin Tema,
masu dakon buhu a tashar jirgin ruwa,
in suka jefo ƙwallo sai ka ji ta a haƙarƙari har mako.
Ga layin da babu komai:
shekarar da kuɗin mota ya gagara,
ba wanda ya je, ba wanda ya ci.
Na bar mata gurbinta. Ita ma shekara ce.

Wannan kuwa da harafinsa ya ɗan karkace,
Masaƙan Bonwire,
ba tsufa ba ne ya sa hannuna rawa.

Ni ne a raga ran nan.
Taurarin Aboabo, riga ruwan ɗorawa,
mun zo Accra a trotro ɗaya, mu goma sha huɗu
da kwanon wake da shinkafa da Hajiya Memuna ta ɗaure mana.
Ashirin da biyu, ashirin da biyu.
Agogo ya cinye, saura jifan mita bakwai.
Kwabena Antwi ya shafa ƙaro a yatsunsa,
ya dube ni, bai ƙifta ba.
Na karanta kafaɗarsa, ta ce hagu.
Na tafi hagu.
Ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafuna
a hankali, kamar baƙuwa mai neman hanya.

Kwana tara bayan haka
sai ga kofi a rumfata, da takarda,
wai a rubuta sunan zakaru.
Wanda ya ci ka shi ne abincinka:
na karɓi ladana, na sayi koko da ƙosai,
suka ƙi wuce maƙogwaro.

Tun daga nan sunaye sun zo sun wuce.
Wasu ƙungiyoyin sun mutu, kofin bai sani ba.
Bukari mai tsalle kamar an harba shi da baka
yanzu sanda ke kai shi masallaci.
Issaka Dogo yana gadin banki a Adum.
Kwabena kan biyo da yamma ya zauna kan bencina,
gwiwarsa ta kumbura, tawa kafaɗar ba ta ɗaguwa,
mu raba goro ɗaya.
Bai taɓa tada zancen ba. Ni ma haka.

Jiya suka shigo da ganga da ihu,
yaran Aboabo, riga ruwan ɗorawa,
waɗanda aka haifa bayan na ajiye raga.
Mai horar da su na tafe a baya yana ɗingishi:
Kwabena.
Ya ajiye kofin a kan tebur ya ce,
"Mumuni, ga bashinka."

Na juya gindin, na duba.
Tagulla ta cika, saura wuri kamar faɗin farce.
Suka ce a sayo sabon gindi.
Na ce ku ba ni dare ɗaya.

Na kunna fitila, na goge tabarau,
na fere ƙusar da ta fi kowace siriri.
Harafi bakwai da harafi shida,
kowanne ƙwayar gero.
Hannuna bai yi rawa ba.

Gobe in ka zo ka gani, taho da idonka mai kyau.
Yana nan can ƙasa, daf da inda kofi ke taɓa tebur.